Bankin Cikin Waya Ya Tsare Rayuka a Sudan, Amma Talaka Ne Yake Biyan Tararsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan shigowar fasahar sadarwa cikin harkar banki da hada-hadar kuɗi. Ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Gadarif, a gabashin Sudan, inda nake riƙe wa wasu 'yan kasuwar hatsi littafin lissafi, kuma ina ganin abin da ya same mu a nan tun daga shekarar 2023 ya isa abin nazari ga duk mai magana a kan wannan batu, ko a Kano yake ko a Maraɗi ko a Jidda. Kuɗin da ke cikin waya ya tsare rayukan mutane a ƙasar nan a lokacin da ginin banki ya zama kufai, wannan ba ya buƙatar musu. Sai dai an gina tsarin ne don mai babbar waya, mai takardar shaida, wanda yake zaune inda akwai sabis da wutar lantarki, kuma duk wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya biya tara kafin ya taɓa kuɗin da yake nasa ne halak malak.

Ya kamata mai karatu ya san cewa tun kafin yaƙi mutanen Sudan ba su saba da banki ba. Binciken da Bankin Duniya ya yi a 2014 ya nuna cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai na baligai suke da asusun ajiya. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a 1997, wanda ba a ɗage shi ba sai a watan Oktoba na 2017, da kuma zaman sunan Sudan a jerin ƙasashen da ake zargi da taimaka wa ta'addanci har zuwa Disamban 2020, sun raba bankunanmu da bankunan duniya na tsawon shekaru, ta yadda ɗan'uwan da ke aiki a Makka ko Riyad bai san wata hanyar aiko da kuɗi gida ba face ta hannun ɗan canji ko matafiyi. Yawancin rassan bankuna kuma a Hartum suka taru. Sannan ga abin da ya faru a 2018, lokacin da mutum zai yi sammako ya kama layi a ƙofar banki ya wuni, a ƙarshe a ce masa babu tsabar kuɗi, na'urorin ATM kuma su tsaya fanko. A wannan shekara ce manomi da ɗan kasuwa suka yanke wa kansu hukuncin cewa kuɗin da ya shiga banki ba lallai ne ya fito ba ranar da ake bukatarsa, suka koma ajiye dukiyarsu a gida cikin buhu da akwati. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka jahilci ne ya sa mutanenmu suke gudun banki, alhali kuwa abin da suka gani da idonsu ne ya kore su.

Duk da haka, talakawa ba su jira kowa ba wajen mayar da waya hanyar aika kuɗi. Shekaru da dama kafin a ji labarin manhaja, ɗalibin da ke jami'a a Hartum da kuɗin kiran waya mahaifinsa yake ciyar da shi. Uban zai je wurin mai sayar da kati a ƙauye ya ba shi tsabar kuɗi, a tura kuɗin kira zuwa layin ɗan, shi kuma ya je wurin wani mai shago a birni ya mayar masa da shi, a cire kusan kashi 10 cikin ɗari a ba shi ragowar a hannu. La'adar tana da tsada, amma hanyar tana aiki da ƙaramar waya, ba ta neman intanet, ba ta neman takarda, kuma ta kai har ruga da sansanin noma inda ba a taɓa ganin ma'aikacin banki ba. A Kenya irin wannan ɗabi'a ta jama'a ce aka ɗora tsarin aika kuɗi ta waya na M-Pesa a kanta a 2007, har ta zama abin da ta zama a yau. A nan kuwa hukumomi sun fi kallon abin a matsayin ɓaraka da za a toshe, kuma tsarin kuɗin waya da aka ƙaddamar a hukumance bai taɓa samun karɓuwa irin wadda aka yi zato ba.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasa da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, kuma a tsakiyar Hartum ya fara, inda hedikwatar Babban Banki take, da hedikwatocin bankunan kasuwanci, da kuma na'urorin kamfanin EBS wanda shi ne yake haɗa bankuna da juna. Cikin 'yan kwanaki katin cirar kuɗi ya zama roba kawai, tura kuɗi daga wani banki zuwa wani ya tsaya, aka fasa rassa aka kwashe abin da ke ciki, Babban Banki da kansa ya koma Port Sudan. Abin da ya rage a tsaye, duk da yankewar da yake yi lokaci zuwa lokaci, shi ne manhajar Bankak ta Bankin Hartum, saboda kuɗin da ke yawo a cikinta daga asusu zuwa asusu ne a banki ɗaya, ba sai ya ratsa ta wancan mahaɗi da ya mutu ba. Daga baya manhajojin wasu bankuna, irin su Fawry ta Bankin Faisal da O-Cash ta Bankin Ƙasa na Omdurman, sun dawo aiki, amma kafin nan sunan Bankak ya riga ya zama sunan kuɗi a bakin jama'a.

Ba zan iya misalta maka yawan mutanen da wannan hanya ta fitar daga halaka ba. Iyalan da suka tsere daga Hartum, sannan suka sake tserewa daga birnin Madani a Disamban 2023, yawancinsu da tufafin jikinsu suka iso mana, domin duk wanda ya ɗauko tsabar kuɗi ko zinare a shingen hanya ya bar su. Amma wanda kuɗinsa ke cikin asusu, ko da an ƙwace wayar, muddin ya iso da ransa kuma ya iya dawo da layinsa, yakan tarar da abinsa. Da kuɗin da 'yan'uwa suka turo daga Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa aka biya kuɗin mota, aka sayi maganin ciwon suga, aka kama ɗakin haya. Wuraren dafa abinci na sadaka da matasa suka buɗe a unguwannin da yaƙi ya rutsa da su, waɗanda muke kira takaya, da gudummawar da ke shigowa ta waya suke ɗora tukunyar wake da adas. A kasuwarmu ta Gadarif yau za ka ga mai shayi ta rubuta lambar asusu da alli a jikin kwali ta jingina kusa da murhunta, mai sayen kofi ɗaya ya tura kuɗi ya juyo mata da fuskar waya ta ga shaidar biya, ta gyaɗa kai ta ci gaba da firfita garwashi. Shekaru biyar da suka wuce da wani ya ce haka za ta faru, da an ce mafarki yake yi.

To amma a farkon Fabrairun 2024 muka ga iyakar abin. Layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a lokaci guda a faɗin ƙasa, kowane ɓangare na masu yaƙi yana ɗora wa ɗaya laifi, kuma kuɗin miliyoyin mutane ya kulle a cikin wayoyinsu. Mai miliyan a asusu ya rasa abin sayen burodi. Tukwanen takaya da yawa suka sauka daga kan wuta. A garuruwanmu na gabas sabis ya dawo a hankali bayan kamfanonin sun kafa sababbin na'urori a Port Sudan, amma a Jazira da Darfur da sassan Hartum mutane sun yi watanni suna tafiya mai nisa zuwa inda wani ya kafa farantin Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, su biya kuɗin sa'a ɗaya don kawai su duba ko an turo musu wani abu, a wurin da sau da yawa masu bindiga ne suke tsaye a kansa suna ganin wanda ya shigo da wanda ya fita. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne tara zuciyar dukkan tsarin, na banki da na sadarwa, a birni ɗaya, ba tare da an tanadi wani rumbun bayanai a wani wuri da zai ɗauki aikin idan na farko ya faɗi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai da gobara ta ci Hartum aka fara neman inda za a ajiye na'ura ta biyu.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne yadda kuɗi ya rabu gida biyu. Akwai farashin tsaba, akwai farashin waya. Idan kana da fam 100,000, kuɗin ƙasar nan, a asusu kana son ka riƙe shi a hannu, sai ka je wurin mai shago ka tura masa, ya ba ka 90,000, a wasu wuraren da yaƙi ya yanke ma 80,000 ko ƙasa da haka. Wane ne yake shiga wannan ciniki? Ba babban ɗan kasuwa ba ne, domin shi da waya yake saye da waya yake sayarwa, hasali ma shi ne mai tara tsabar yana sayar da ita. Wadda take shiga ita ce tsohuwar da ɗanta ya turo mata kuɗin cefane daga Jidda, ba ta da asusu, sai ta ba da lambar maƙwabci, a cire la'adar canji a can, a cire ta tsaba a nan, wani lokaci maƙwabcin ma ya ɗan taɓa nasa, kafin abin ya iso hannunta ya rame. Ƙasar da dukkan tsarin bankinta aka ce na Musulunci ne, wadda ta buɗe Bankin Musulunci na Faisal tun a ƙarshen shekarun 1970, ita ce yau ake sayar da fam da fam a cikinta da ragi a bainar jama'a, alhali ƙaramin ɗalibin fikihu ma ya san cewa musayar kuɗi da irinsa sai daidai wa daida, hannu da hannu. Ba na ɗora laifin duka a kan mai shago. Inda aka bar mutum ba shi da wata ƙofa ta halal da zai fitar da kuɗinsa, dole wani ya buɗe masa ta haram.

Canjin takardun kuɗi da aka fara ranar 10 ga Disamban 2024 ya ƙara fito da wannan a fili. Babban Banki ya fitar da sababbin takardun fam 1,000 da 500, da hujjar kashe kuɗin da aka wawashe da na jabu, kuma hujja ce mai ƙarfi wadda ban raina ta ba. Sai dai ba a yi musayar hannu da hannu ba. An ce kowa ya zuba tsohon kuɗinsa a asusu, wanda ba shi da shi ya buɗe, sannan ba za a ba mutum fiye da fam 200,000 a rana ba. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce, amma a lokacin canjin ta haura 2,000, ke nan abin da aka yarje wa mutum ya cira bai kai dala 100 ba. An yi ta ƙara wa'adi har zuwa farkon Janairun 2025 saboda cunkoso, a yankunan da ke hannun RSF kuma aka haramta karɓar sabon kuɗin gaba ɗaya, ƙasa ɗaya ta wayi gari da kuɗi iri biyu.

Wanda ya tsara wannan a ofis bai yi la'akari da kalandar manomi ba. Gadarif ƙasar riɗi da dawa ce, kuma watan Disamba tsakiyar kakar dawa ne. Manomi mai babbar gona yakan ɗauki 'yan ƙwadago da dama a lokaci guda, da yawansu daga Habasha suke tsallakowa, wasu kuma 'yan gudun hijira ne, kuma babu ɗayansu da yake karɓar lada ta waya, domin ba shi da asusu, gonar ma ba ta da sabis. A hannu ake biyansu ranar da suka gama yanki, in ba haka ba gobe su wuce gonar wani. Na ga dattijon da ya sayar da amfanin gona na miliyoyi, kuɗin na nan a rubuce a wayar ɗansa, amma yana zagaya rumfunan kasuwa yana roƙon wanda zai sayar masa da tsaba don ya sallami ma'aikatansa kafin tsuntsu da dabbobi su gama da abin da ya rage a gona. Masu karatu a Najeriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, domin sun ɗanɗana irinsa a farkon 2023 bayan sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Bambancin kawai shi ne a can akwai masu POS a kowace kusurwa da kuma lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya a tura kuɗi ba tare da intanet ba, mu kuwa an tura mu cikin tsarin ne ba tare da isassun irin waɗannan ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu Hausawan Sudan kai tsaye. Ba a buɗe asusu sai da lambar ɗan ƙasa. Kakanninmu sun daɗe a ƙasar nan, wasu tun zamanin da ake tafiya aikin Hajji a ƙafa, wasu tare da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma guminsu yana cikin gonakin audugar Jazira tun da aka buɗe su a 1925. Duk da haka, har yau akwai gidajen da samun takardar shaida yake yi musu wuya fiye da maƙwabtansu, ana neman su kawo hujjar da ba a neman wasu su kawo. Ga waɗanda suka baro takardunsu a gidajen da suka tsere daga ciki, ga matan karkara da ba a taɓa yi musu rajista ba. A da, rashin takarda yana hana mutum fasfo ne ko aikin gwamnati, amma yana iya cin kasuwarsa ya ciyar da iyalinsa. Yanzu da aka ɗaure kuɗi da lamba, rashin takarda yana neman hana shi saye da sayarwa. Ina kira ga sarakunan Hausawa da masu unguwanni da limamanmu su ɗauki rajistar jama'arsu, musamman mata, a matsayin aikin da ba ya jiran ƙarshen yaƙi.

Su ma waɗanda suka samu shiga tsarin ba su tsira daga 'yan damfara ba. Shaidar biya ta jabu ta zama ruwan dare, inda mutum zai nuna maka hoton da ya yi kama da na gaske ya ɗauki kaya ya tafi, sai dare ya yi ka duba asusu ka tarar babu abin da ya shigo. Shi ya sa a rumfarmu muka kafa doka cewa ba a ɗaga buhu sai mai kuɗin ya buɗe tasa wayar ya ga adadin ya ƙaru. Akwai masu kira su ce daga banki suke, su nemi lambar sirri. Mafi muni kuma, a yankunan da babu doka, an sha tsare mutum da bindiga a tilasta masa ya buɗe manhaja ya tura duk abin da ke ciki. Kuɗin da ya bi ta waya yana barin sawu, wannan na daga cikin falalar fasahar, amma sawun ba ya amfanar wanda aka zalunta idan babu ofishin da zai saurari ƙararsa cikin gaggawa ya daskarar da asusun ɓarawo kafin ya kwashe.

'Yan'uwanmu da ke Saudiyya sukan yi mamakin wahalar da muke sha, domin a can da katin banki mai suna mada ko da waya ake sayen ko da ruwan sha, tsarin sarie da aka buɗe a 2021 yana kai kuɗi daga banki zuwa banki nan take, kuma Babban Bankin ƙasar ya sanar da cewa kashi 70 cikin ɗari na cinikin yau da kullum ta na'ura aka biya shi a 2023. Amma ba da hana mutane tsabar kuɗi aka kai ga wannan ba. An fara tabbatar da wuta da sabis da katin shaida ga kowa, aka haɗa bankuna a kan hanya ɗaya, aka wajabta wa shaguna ajiye na'urar biya, sai mutane da kansu suka ga sauƙin abin suka bi.

Don haka roƙona ga Babban Bankin Sudan da shugabannin bankuna da kamfanonin waya shi ne su waiwayi mai ƙaramar waya. A buɗe hanyar tura kuɗi da duba asusu ta danna lambobi ba tare da intanet ba, a kan dukkan layuka, kuma a yi bayaninta da murya a rediyo cikin Larabci da Hausa da sauran harsunan jama'a, saboda wanda ba ya karatu. A ba masu shaguna amintattu lasisin wakilcin banki a kasuwanni da sansanonin noma, a yanka musu la'ada ƙayyadadda wadda banki zai biya ko a rubuta ta a fili kowa ya gani, a kuma riƙa kai musu tsabar kuɗi a lokacin yankan riɗi da kakar dawa, domin ranar da aka samu wakili na halal a kowace kasuwa, mai sayar da fam da ragi zai rasa mai zuwa wurinsa. A yarda da ƙaramin asusu mai iyakar abin da zai ɗauka, wanda za a buɗe da lambar waya da shaidar mai unguwa ko katin 'yan gudun hijira, har zuwa lokacin da mutum zai samu cikakkiyar takarda. A tabbatar kuɗi yana tafiya tsakanin dukkan bankuna cikin sauƙi, domin bai dace rayuwar ƙasa guda ta rataya a kan manhajar banki ɗaya ba, komai ƙoƙarin da bankin ya yi. Yanzu kuma da sojoji suka karɓe Hartum tun a watan Maris na 2025 kuma aka shiga batun komawar ma'aikatu, ina fatan ba za a sake kwashe dukkan na'urori a mayar da su gini ɗaya a bakin Nilu a rufe na Port Sudan ba.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon jaridarka, duk lokacin da wani jami'i ya zo yana alfahari da yawan asusun da aka buɗe ko yawan kuɗin da ya bi ta na'ura, wakilinka ya tambaye shi nawa ake cire wa mai son mayar da kuɗin wayarsa tsaba a ƙauyen da ya fi nisa da reshen banki, kuma ya buga amsar yadda aka ba shi.

Wassalam.

Naka,
Mai riƙe lissafi a kasuwar hatsi,
Gadarif, Sudan.